Facin da Inna Ta Yi wa Jirgin Iri

A layin da ke bayan kasuwa, in ka wuce shagon mai gyaran waya da na mai aski, akwai wata ƙofa shuɗiya da kullum rabinta a buɗe yake. Kafin ka ga kowa za ka fara jin ƙarar keken ɗinki, irin na ƙafa ɗin nan, wanda ya girmi yawancin masu kawo masa aiki. Nan ne wurin Inna Mai Faci. Gaban ɗakin shago ne, bayan labule kuma gida.

Inna ba ta ɗinka sabo. Tun tana budurwa ta gwada ta ga ranta bai kwanta da shi ba, wai sabon yadi ba ya da labari, yankawa kawai za ka yi ka haɗa. Amma a kawo mata wandon da ya yage a gwiwa, ko rigar da dutsen guga ya ci wa kafaɗa, ko jakar makarantar da zif ɗinta ya yi gardama, nan da nan za ka ga ta gyara zaman tabarau. Tana da kwalba cike da maɓallai marasa 'yan'uwa, da buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur wanda ba wanda ya isa ya taɓa. Sannan tana da wata ɗabi'a da duk layin ya sani. In ta gama aiki sai ta miƙa maka kayanka ta ce ka nemo inda ta gyara. Ka juya nan, ka ɗaga can, ka kai wa haske, ka rasa. Sai ta karɓa tana murmushin mugunta, ta juya rigar ciki waje, ta kama yatsanka ta ɗora a kan ɗinkin, ta ce ga shi nan, kada a ja da ƙarfi a wurin. Ko sauri kake yi sai ka tsaya an nuna maka. A ganinta mai riga shi ya fi kowa cancantar sanin inda rigarsa take da rauni.

Mijinta shi ne Baba Birki, tsohon direban bas na dogon zango. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, saboda ba abin da ba ya taka wa birki: kaza, rami, ledar da iska ta kwaso. Abin da yake tinƙaho da shi a duk shekarun da ya yi a kan sitiyari ɗaya ne, bai taɓa barin fasinja a hanya ba. Duk inda aka yada zango, kafin ya tayar da mota sai ya bi kujera kujera da kansa. In ya ga kujera ba kowa ga jaka a kai, to ko mutanen motar za su zage shi har kakanninsa ba zai motsa ba. Ya taɓa tsayar da mota cike da mutane har rana ta karkata, saboda wani dattijo da barci ya kwashe a bayan teburin mai shayi.

Idanunsa a hankali suka tafi. Allunan hanya suka fara dushewa, sai fuskokin mutane, har aka wayi gari haske da inuwa kawai yake bambancewa. Shi da kansa ya kai makullin mota ya ajiye, ba wanda ya ce ya yi. Daga ranar Inna ta zama idonsa. In za su fita ya kama gwiwar hannunta, tana gaba tana faɗin kwata, ɗaga ƙafa, babur a dama, shi kuma yana bi kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Ita ke karanta masa takardar magani, ita ke gaya masa ko hula ta dace da riga, ita ta siffanta masa fuskar jikarsu tun daga goshi har ɗan lotsawar da kumatunta ke yi in ta yi dariya. Shi ya sa ya daina kiranta da komai sai Kwandasta.

Talabijin ɗin 'yarsu Auta ce ta kawo. Baba Birki ya sha dariya ranar, ya ce an saya wa makaho rediyo mai taga. Aka kafa shi a bango kusa da keken ɗinki, ya yi makonni ba mai kula shi sai in ana labarai. Sai ga wannan fim mai dogon zango da ake sakawa kowane mako da yamma, daidai lokacin da Inna ke rufe rabin ƙofarta.

Sunansa na asali dogo ne, cikin wani yare na can nesa da ba wanda ke iya lanƙwasa harshe ya faɗa, don haka mutanen layin suka sa masa Jirgin Iri. Labarin wasu mutane ne da duniyarsu ta bushe ƙarƙaf, suka loda irin shuka da 'yan komatsansu cikin wani ƙaton kumbo, suka nausa sararin samaniya neman inda za su sake shuka. Da yaren can ake magana, fassara kuma tana gudu a rubuce a ƙasan allo. Inna ce ke karantawa da ƙarfi, tana haɗawa da bayanin abin da ake gani. Su biyun suka raɗa wa kowa suna. Shugabar tafiyar, wata mace mai furfura da ba ta ɗaga murya, ita ce Uwar Jirgi. Mutum-mutumin da ke ba shuke-shuke ruwa shi ne Gwangwani. Akwai makanikin jirgin, wani gajere mai yawan mita, Mai Sifana. Akwai kuma wani saurayi da wata budurwa, Dogo da 'Yar Likita, waɗanda za mu zo kansu.

A gaskiya farkon fim ɗin ya yi kyau, ba a ƙwace masa wannan. Baba Birki ta kunne ya kamu. Ya ce duk wanda ya haɗa ƙugin jirgin nan ya taɓa kwana a ƙarƙashin mota, domin sautin yana canzawa in an ɗora wa injin nauyi, kuma sau da yawa shi yake riga mutanen cikin fim ɗin jin cewa wani abu ya kwance. Zai ɗaga yatsa ya ce injin hagu yana tari, can an jima sai ga Mai Sifana a guje da kayan aiki. Ranar da hakan ta faru har abinci ya ƙara.

Ita kuwa Inna tufafi ne suka saye ta. Rigunan mutanen jirgin duk da faci a gwiwar hannu, wani maɓalli bai yi kama da ɗan'uwansa ba, wuyan rigar Uwar Jirgi ma juya shi aka yi. Ta ce masu fim ɗin nan sun yi tunani, sun san wanda ya yi nisa da kasuwa abin da ke jikinsa shi zai yi ta lallaɓawa. Su duka biyun kuma suna son ɗakin gilashin da ake renon shuke-shuke, inda Gwangwani ke bi tukunya tukunya yana gaishe su da safe. Ran da wani tsiro ya mutu mutane suka yi ta kuka, Gwangwani ya tsaya yana tambayar ko ruwan da ke fita daga idonsu za a iya tara shi a ba sauran, Inna sai da ta dakata da karatu ta share nata.

To amma wajen tsakiyar zango fim ɗin ya fara warwarewa. Abin da Inna ta fara lura da shi, kwatsam kowa ya bayyana da sabuwar riga mai ƙyalli, ba a ce ga inda aka samo tela a tsakiyar taurari ba. Sai aka kawo wani dodo da aka yi makonni ana tsorata mutane da gurnaninsa. Da ya fito fili Inna ta matsa kusa da allo, ta dawo ta zauna, ta ce wa mijinta dodon nan da zif a bayansa, kuma wanda ya sa zif ɗin ko share bakin zare bai yi ba. Sai Dogo da 'Yar Likita, waɗanda suka gano suna son juna, suka mayar da wani lungu na jirgin wurin zamansu. Jirgi na ci da wuta, su suna lungu. Ana rabon ruwa da cokali, su suna lungu, yana ce mata idonta ya fi taurari, tana ce masa tana tsoron zuciyarta.

Facin farko ƙarami ne, ita kanta ba ta ɗauke shi komai ba. A wani mako an tashi a kan cewa iskar shaƙa ta kusa ƙarewa, kowa na haki. Mako na gaba aka buɗe da mutane suna wasan kati, ba wanda ya ƙara ta da maganar. Baba Birki ya tambaya ina aka kwana batun iska. Inna ta duba allo, ta ga ɓaraka a fili, bakinta ya riga ta: ta ce shuke-shuken Gwangwani ne suka yi ganye suka wadata jirgin. Ya gyaɗa kai ya ce ai ya san yaron nan zai yi amfani. Maganar ta zauna daram, har ta fi ta masu fim ɗin ma'ana, tunda su ba su ce komai ba.

Sai aka zo kan Mai Sifana. Jirgin ya sauka a wata duniya ta ƙanƙara don a ɗebi ruwa. Mai Sifana ya fita gyaran ƙafar jirgi, guguwa ta taso, aka rufe ƙofa aka tashi, shi yana ƙasa yana ɗaga hannu. Inna ta faɗa kamar yadda ta gani. Baba Birki ya miƙe zaune, ya ce ba a duba kujeru ba? Ta ce gaggawa ce. Ya ce gaggawar banza, ai za su juyo.

Ba su juyo ba. Mako ya zagayo, ko sunansa ba a ambata ba. Wani makon ma haka. Kamar an share shi da tsumma. Mai gyaran waya ya ce ya ji wai ɗan wasan ne ya samu wani aikin ya tafi, amma wannan ba amsa ba ce ga mutumin da ya taɓa tsayar da mota saboda mai barci a bayan teburin shayi. Duk sanda aka fara fim ɗin tambayarsa ɗaya ce, an koma? Ya fara cewa shi fa in haka Uwar Jirgi take, ya fita daga motarta. Har ya ce a mayar masa da labarai.

Inna kuma ba ta son a rasa wannan sa'a. Tun da idonsa ya tafi ba abin da ya sa shi zama a bakin kujera yana gardama kamar fim ɗin nan. Ga shi kuma yagewar tana gabanta ƙiri-ƙiri, ga wadataccen ƙyalle a lungun su Dogo da ba a komai da shi. To me za ta jira?

Daga ranar, duk sanda Dogo da 'Yar Likita suka shiga lungu, a bakin Inna shawarar ceto suke yi. In ya sassauta murya yana yabon idonta, Inna ta ce yana lissafin man da zai ishe su komawa. In ta juya baya tana share hawaye, wai ta tuna Mai Sifana bai tafi da rigar sanyi mai kauri ba. Ran da suka rungumi juna aka saki kiɗa mai taushi, Inna ta sanar da cewa an ji muryarsa a na'ura, yana raye, ya haƙa rami ya shige, yana ta mita yadda ya saba. Baba Birki ya buga hannun kujera ya ce ai ya faɗa, gajerun mutane ba sa mutuwa da wuri.

Kada ka ce aikin ganin dama take yi. Tana auna kowane faci da tsawon maganar da ke fita, ta dace shi da kiɗa, ta tuna abin da ta faɗa a makon jiya don kada zare ya saɓa. Wani lokaci tana taka keke da rana tana tsara yadda za a juya jirgin. A kashin ƙarshe, da kiɗa ya tashi sama mutanen jirgi suka yi ta ihu, Inna ta sauke kumbon a kan ƙanƙara, ta buɗe ƙofa, ta shigo da Mai Sifana gemunsa duk farin sanyi. Kalmarsa ta farko, in ji ta, tambaya ya yi wa ya taɓa masa akwatin kayan aiki. Baba Birki ya yi dariya har da tari, ya ce fim ya yi fim.

Abin da Inna ta manta shi ne washegari ranar askinsa ce.

Ta raka shi har kujerar mai aski kamar kullum, ta koma bakin kekenta. Shagon a cike yake, kuma ba abin da ake yi sai yankan Jirgin Iri. Mai gyaran waya, wanda ya leƙo hira ya bar shagonsa a buɗe, shi ke kan gaba. Ya ce an raina musu hankali: a yi ta wahala tun farkon zango, ashe akwai wani jan maɓalli a gaban Uwar Jirgi da in an danna shi jirgi zai yi tsalle ɗaya ya faɗa koriyar duniya, to me ya hana ta dannawa tun ranar farko? Wani ya kawo zancen dodo, wani ya kwaikwayi muryar Dogo, aka yi ta shewa.

Baba Birki yana ƙarƙashin ƙyallen aski, ya yi gyaran murya irin ta manya. Ya ce dodon dai ya yarda, zif gare shi. Amma yara ba su san abin da ake kira fim ba. Fim ɗin da ya juya jirgi guda da mutanensa, ya ƙona rabin mansa saboda makanike ɗaya, ai ko me ya yi a baya an yafe masa. Ya kawo yadda aka ji muryar a na'ura, ya kawo ramin ƙanƙara, ya kawo akwatin kayan aiki, yana dariya tun kafin ya ƙarasa.

Shi kaɗai ya yi dariyar. Mai aski ya kashe injin askinsa. Mai gyaran waya ya ɗauka zolaya ce, ya ce Baba ke nan, ai Mai Sifana yana can ya zama ƙanƙara, ko gaisuwar mutuwarsa ba a yi ba, su Dogo kuma soyayyarsu kawai suka sha har aka tashi. Mai aski ya yi ta yi masa alama da ido ta cikin madubi, amma magana ta riga ta fita. Sai wani daga baya ya ce cikin lallashi, wataƙila Baba wata tashar ya kama. Wannan lallashin shi ya fi yi masa ciwo, gara a ce dariya suka yi masa.

Da Inna ta zo ɗaukarsa ta miƙa gwiwar hannu, bai kama ba. Da bango ya lallaɓa har gida, tana biye tana faɗin kwata da rami yana yi kamar ba da shi ake ba. Yana shiga ya laluba bayan ƙofa, ya kwance sandar abin goge ƙasa, ya ce daga yau ita ce 'yar rakiyarsa.

Da farko Inna ta tsaya a kan bakanta. Ta ce fim ne ya yage ta ɗinke, me ya yi zafi? Da ta bar shi yadda yake ai da tuni ya koma jin farashin kaya a labarai. Ta ce ya faɗa tsakaninsa da Allah, nata da nasu wanne ya fi. Bai musa ba. Ya dai zauna yana juya sandar a hannu, can ya ce:

"Naki ya fi. Ba shi nake tambaya ba. Maganin da kike karanta mini, haka yake a rubuce? Jikar nan tamu, da gaske kumatunta na lotsawa, ko shi ma don in ji daɗi ne?"

"Haba Malam. Ka san ba zan yi maka wasa da wannan ba."

"Da na sani. Yanzu ta ina zan sani? Duk wanda ya kawo miki tsumma sai kin juya masa kin ɗora yatsansa a wurin. Ni kaɗai kika miƙa wa riga kika bar ni na shiga kasuwa da ita."

Inna, wadda ba a taɓa rufe mata baki a layin nan ba, ta tashi ta koma bakin kekenta.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ba daɗi, ko da yake in ka leƙo sai ka yi dariya. Baba Birki da sandar goge ƙasa yana ƙwanƙwasa duk abin da ya ci karo da shi, har da ƙafar mai kawo gyara. Ya sa aka kira masa Auta ta zo ta karanta masa takardun magani ɗaya bayan ɗaya, ta ce daidai suke da yadda Inna ke faɗa. Ya tambaye ta kumatun 'yarta, ta ce Baba ai kowa ya san wannan. Ya ce to. Amma sunan Kwandasta bai dawo ba, sai dai "ke". Inna kuwa a makon nan ta ɗinke aljihun wani bawan Allah ruf, sai da ya zo zuba makulli ya ji ba hanya.

Ana haka tashar ta sanar za ta maimaita zangon gaba ɗaya, kashi bayan kashi, a ranakun hutun mako da rana. Inna ta rufe shago tun hantsi, abin da ba ta yi ko da zazzaɓi. Ta jawo kujerarsa gaban talabijin, ta jawo tata kusa har suna gogayya.

"Zo in juya maka rigar," ta ce.

Ya zo ya zauna, sandar a tsakanin gwiwoyinsa.

Ta karanta komai yadda yake, kalma da kalma. In an iso inda ta yi faci sai ta kama yatsansa ta danna a kan hannun kujera ta ce daga nan ne, in an wuce ta ce nan ya ƙare. Batun iska ya zo, ta danna yatsa. Ya ce wato Gwangwani bai yi komai ba? Ta ce ko ganye ɗaya. Aka shiga lungu, ta karanta masa zancen Dogo da 'Yar Likita ba ragi, da idon da ya fi taurari da zuciyar da ake tsoro. Tun yana daurewa har ya fara nishi. A karo na ba-adadi ya tambaya ko ba wani babba a jirgin nan da zai ba yaran nan aikin yi. Inna ta ce shi ya nemi gaskiya, ta ci gaba da karatu da murya mai daɗi don ta ƙara masa.

Sai ga wani wuri da ita ma ta manta da shi. Uwar Jirgi ce ta shiga ɗakin shuke-shuke ita kaɗai, ta zauna kusa da Gwangwani. A wancan karon Inna ta ce kiran Mai Sifana take yi a asirce. Yanzu da ta karanta na gaskiya, ashe matar gaya wa Gwangwani take yi cewa ta daɗe da ɓatan hanya, taswirar da suka taso da ita ta ƙare, tafiya kawai take yi da sakakkiyar fuska don kada mutanenta su firgita. Gwangwani ya tambaye ta ko ya faɗa musu. Ta ce a'a, ya dai ci gaba da ba shukar ruwa.

Baba Birki ya gyaɗa kai. Sannan ya ce duk direban da ya taɓa shiga hazo da mota cike da mutane ya san fuskar nan, kuma wannan wurin shi ne ya fi ko'ina kyau a fim ɗin gaba ɗaya.

"Nan kam kin yi ɓarna. Lafiyayyen yadi kika rufe da faci."

Ta ce ta yarda, hannunta ne ya saba har ya zarce. Wannan amsar ta fi duk wata rantsuwa yi masa daɗi, domin a zamansu bai taɓa jin ta ce aikinta ya ɓaci ba.

Kafin a saka kashin ƙarshe, ana tallar sabulu, ya tambaye ta ba tare da ya juyo ba ko akwai wani facin a wajen fim. Ta yi tunani da gaske, ta bi shekarun ɗaya bayan ɗaya kamar mai laluben ɗinki. Ta ce akwai guda. Ranar da ya tambaye ta ko furfura ta yi mata yawa ta ce 'yar kaɗan ce a gefe, to ba kaɗan ba ce, kan ya yi fari fat.

"Wannan na sani. Auta ta gaya mini tun bara. Bar shi a wurin, ya zauna da kyau."

Aka zo ƙarshe. Uwar Jirgi ta danna jan maɓalli, jirgi ya yi tsalle, ga koriyar duniya, mutane na ihu, kiɗa ya tashi, sunaye suka fara hawa. Mai Sifana yana can inda aka bar shi. Baba Birki ya ce da shi ne mai ba da lasisi, duk wanda ya sa hannu a ƙarshen nan ko amalanke ba zai ƙara turawa ba. Ya ce abin haushin, sun iya. Wanda ya yi ƙugin injin nan da zancen hazon nan ba rashin iyawa ne ya hana shi komawa ɗaukar mutum ɗaya ba, lalaci ne.

Inna ta tashi za ta kashe talabijin, ya ce ta dakata. Ya gyara zama, ya jingina sandar da bango.

"To mayar da rigar daidai. Daga inda suka juya jirgin."

Ta ce ai ya riga ya san ba haka aka yi ba. Ya ce ya sani sarai, yanzu ya san inda ɗinkin yake, ba zai ja da ƙarfi a wurin ba. Sai ta koma ta zauna, ta juya kumbon, ta sauke shi a kan ƙanƙara. Wannan karon har ta ƙara da cewa Uwar Jirgi da kanta ta bi kujera kujera kafin a tashi.

Washegari da safe za su je kantin magani. Inna ta ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta miƙa hannu ba, tana jiran ta ji ƙwanƙwasar sanda. Sai ta ji yatsu sun kama gwiwar hannunta.

"Kwandasta, yaya hanya?"

"Kwata a gabanka, ɗaga ƙafa. Kuma hular nan ba ta dace da rigar ba."

Ya ce a haka za shi. Da suka zo wucewa ta shagon mai aski, mai askin ya fito da ƙyalle a kafaɗa, ya gaishe su, ya yi ta kame-kame, sannan ya ce shi fa tun ranar nan abin na ransa: wai da aka buɗe ƙofa, me Mai Sifana ya ce game da akwatin? Baba Birki ya ce ya zo da yamma ya ji daga bakin Inna, amma ya taho da sanin cewa faci ne. Sandar kuwa ta koma jikin abin goge ƙasa, inda aka fi bukatarta.